Katakon Ɗanladi Mai Jita

Kwanakin baya wasu samari biyu suka shigo shagona a Kurmin Mashi, ɗaya riƙe da salula yana nuna mini bidiyon wani bature da ke liƙa wayar jita. Kafin ka ce me, baturen ya gama har yana murmushi. Mai salular ya ce, "Baba Isiya, ai wannan ba wani aiki ba ne. Ba mu aron kayanka mu yi da kanmu." Na miƙa musu ƙarfen liƙi, wanda mu a sana'a muke kira ayan. Na ba su dalma da guntuwar waya da jak biyu, wato kan ƙarfen nan da ake sokawa a jikin jita, na koma kan rediyon da nake dubawa. Zuwa la'asar sun ƙona roba, sun ƙona yatsa, jak ɗaya ya narke ta ciki, dalma ta taru a kan ɗayan kamar kashin kaza. Ban yi musu dariya ba. Na ce su ja benci su zauna. Abin da na gaya musu ran nan shi zan maimaita, don ire-irensu suna da yawa.

A Unguwar Kanawa na koyi aikin nan, a hannun Malam Hamisu Mai Rediyo, Allah Ya gafarta masa. Na gama sakandare ina zaman banza, kawuna ya kama hannuna ya kai ni. Shagon ɗan ɗaki ne a jikin gidansa, ƙofa ɗaya taga ɗaya. Akwai teburi mai tabon ƙuna ko'ina, da gwangwanayen madara cike da ƙananan sukurori, da mita mai allura da yake nannaɗewa a tsohon rawani. Ayan biyu gare shi. Ɗaya na lantarki, ɗaya mai kan jan ƙarfe da ake cusawa a kurfoti idan an ɗauke wuta. Sai reza, da filaya mai dogon baki, da tsumma jiƙaƙƙe na goge bakin ayan. Kayan ke nan. Da su ya riƙe rediyo da lasifika da amfilifaya na rabin unguwa.

Watannin farko bai bar ni na taɓa ayan ba. Fere waya kawai nake yi. Wayar kiɗa ba irin ta fitilar ɗaki ba ce. Daga waje roba ce. Ƙarƙashinta akwai saƙar siraran zaren jan ƙarfe, ita ke tsare sauti daga ƙugin lantarki. Ƙarƙashin saƙar akwai wata baƙar fata siririya kamar ta albasa, sai farar roba, sai zuciyar wayar a can tsakiya, wadda sautin ke bi. Dole ka zagaya da reza ka cire robar waje ba tare da ka yanke zare ko ɗaya ba. Idan na fere, Malam yakan shafa da babban yatsa, idonsa na kan wani aikin. Sai ya ce, "Ka yanke biyu. Sake." In duba, in tarar biyun ne.

Aikin farko da na liƙa da hannuna wayar makirufon masallacin layinmu ce. Ladan ya kawo ta yana ƙorafi, wai kiran salla na yankewa a tsakiya, mutanen bayan layi suna makara. Malam ya tura mini ita ya tsaya a kaina. Na ɗauki dalma zan ɗora a bakin ayan, ya riƙe mini hannu.

"Isiyaku, ba dalmar za ka dafa ba. Ƙarfen za ka ɗumama. Idan ya ɗau zafi, kai masa dalmar, shi zai sha ta da kansa."

Haka na yi, na ga dalmar ta kwanta ta bi zaren kamar man shanu a tuwo mai zafi. Na kai baki zan hura don ta yi saurin sanyi, ya ce kada in kuskura. Liƙin da aka hura ko aka motsa kafin ya daskare yakan yi fari-fari kamar toka. Yau zai yi aiki, gobe ma zai yi, sai ranar da aka fi bukatarsa ya saki. Liƙi mai kyau ƙyalli yake yi, kuma kana iya ganin siffar wayar a ƙarƙashinsa. Ya kuma koya mini in fara zura murfin jak a jikin waya kafin in liƙa komai. Duk wanda ya yi sana'ar nan ya taɓa gama liƙi tsaf, ya waiga ya ga murfin na zaune a teburi yana kallonsa.

Ranar da Ɗanladi ya fara zuwa, da jakar buhu ya shigo. Mutumin Abakpa ne, dogo, mai sanyin magana, ya girme ni da 'yan shekaru. Shi ke kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke yin bukukuwan ma'aikatan gwamnati da na sojoji. Ya zazzage jakar a teburi, sai ga wasu ƙananan akwatuna na ƙarfe, kowanne da launinsa, kowanne da abin takawa a samansa. Wani ɗan uwansa da ke aiki a tashar jiragen ruwa a Legas ya aiko masa. Feda ake kiransu, don da ƙafa ake taka su. Ɗaya na sa jita ta yi gurnani, ɗaya na sa ta amsa kuwwa kamar a cikin rijiya, ɗaya kuma idan kana taka shi sama da ƙasa sai jitar ta riƙa kuka kamar jariri.

"Baba," in ji shi, "na haɗa su da dogayen wayoyin kasuwa, amma da na kunna sai ƙugi kamar an saki ƙudan zuma. Ranar Asabar har uwar amarya ta aiko a ce in rage."

Malam bai taɓa ganin feda ba. Bai kuma nuna ya sani ba. Ya ce a bar masa su kwana biyu. Ya kwance ɗaya, ya zauna yana bin hanyoyin cikinsa da bakin allura, yana gyaɗa kai. Da Ɗanladi ya dawo, Malam ya sa kafinta ya yanko katako mai faɗin sallaya ƙarama, ya jera fedojin a kai yadda ƙafa za ta kai ga kowanne ba tare da ta taka maƙwabcinsa ba. Sa'an nan ya auna tazarar da ke tsakaninsu da zare, ya yanka wa kowane gurbi wayarsa daidai tsawonsa, wata ba ta fi ɗan yatsa ba. A nan na ga aiki. Gajeriyar waya ta fi doguwa wuya, don zafin da ka sa a wannan kai yana isa wancan kai kafin ka ɗaga hannu. Ka daɗe kaɗan, farar robar ciki ta narke, zuciya ta taɓa saƙa, sauti ya mutu. Ka yi sauri kaɗan, liƙin bai kama ba. Malam yakan taɓa ya ɗaga, kamar mai ɗanɗana miya. Kuma kowace waya sai ya kankare baƙar fatar nan ta koma baya, don idan ta taɓa zuciya, jita za ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai mura, kuma ba za ka taɓa gane dalili ba.

Shi ma Ɗanladi gwani ne a nasa fannin. Kunnensa ya fi mitarmu. Akwai ranar da ya dawo ya ce waya ta uku tana cin sautin sama-sama. Na gwada da mita, allura ta ce lafiya lau. Malam ya ce in buɗe duk da haka. Na buɗe, sai ga zare ɗaya na saƙa, siriri kamar gashin gira, ya kwanto yana shafar inda bai kamata ba. Tun daga ranar, idan Ɗanladi ya ce akwai matsala, ba ma musu.

Ta dalilinsa makaɗa suka san shagon. Masu jita daga coci-coci, masu fiyano na situdiyo, masu kayan sauti na haya, duk suka riƙa zuwa. Na yi shekaru a nan har Malam ya sallame ni da addu'a, na buɗe nawa a Kurmin Mashi. Da yawansu suka biyo ni saboda na fi kusa da su, kuma Malam da kansa yake turo su. Ban da Ɗanladi. Yakan tsaya mu gaisa, ya sha shayi a shagona, har ya ba ni gyaran amfilifaya. Amma katakon nan, Unguwar Kanawa yake kai shi. Ban taɓa jin haushi ba. Da ni ne shi, haka zan yi.

Sai shekarar da cuta ta sa aka rufe gari. Ku samari kuna yara lokacin, abin da kuka sani shi ne ba makaranta. Mu kuwa sana'armu ta taro ce. Ba biki, ba suna, ba coci, ba wa'azi, to wa zai kawo waya? Na koma gyaran tocila da butar lantarki a ƙofar gida. Ƙungiyar su Ɗanladi ta watse. Mai ganga ya kama tuƙin keke mai ƙafa uku, mai fiyano ya koma ƙauyensu noma. Ɗanladi ya sayar da manyan lasifikunsa, ya tura jita da katako ƙarƙashin gado, ya riƙa taya matarsa suyar doya a bakin titi. A cikin wannan shekarar ne kuma hawan jini ya kayar da Malam. Ya tashi, Alhamdu lillahi, bakinsa ya dawo daidai, amma hannun dama ya kama rawa. Ko kofin shayi sai da hannu biyu.

Bayan an buɗe gari, bukukuwa ba su dawo da makaɗa nan da nan ba. Mutane sun saba da a kawo mai kwamfuta ɗaya ya saka waƙoƙi a lasifika. Ana cikin haka wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya zai aurar da 'yarsa, ya ce shi lallai makaɗa masu rai yake so, irin waɗanda suka yi masa kiɗa a nasa zamanin. Aka nemo Ɗanladi.

Wata safiyar Alhamis, Inna Hauwa matar Malam ta kira ni ta ce Malam na nemana, in zo da kayan aikina. Na tarar da Ɗanladi a shagon, katakon na kan teburi. Damina biyu ta wuce a kansa a ƙarƙashin gado. Jak duk sun yi kore. Batiran da aka manta a ciki sun fashe sun zubar da farin gari. Ɓera ya ci wayoyi biyu har zuciya. Biki kuma jibi ne, Asabar.

"Na roƙi yaran ƙungiyarmu su dawo," in ji Ɗanladi. "Mai ganga ya ce zai ajiye keke na yini ɗaya ya gani. Idan abin ya yi kyau, za a sake kiranmu. Idan na ji kunya a gaban mutanen nan, shi ke nan. An yi mini maganar aikin gadi a wata ma'aikata, Litinin zan ba da amsa."

Babu wuta ran nan. Inna Hauwa ta kawo garwashi a kurfoti, aka cusa tsohon ayan mai kan jan ƙarfe. Da ya yi zafi, Malam ya miƙa hannu ya ɗauka. Muna kallo bakin ayan yana rawa a iska, yana zagaya jak ɗin ya kasa sauka. Ya tallafe da hagu, duk ɗaya. Ɗanladi ya juya yana kallon titi. Malam ya mayar da ayan cikin wuta a hankali, ya goge tafinsa a riga.

"Isiyaku zai yi," in ji shi.

Ɗanladi ya ce, "Baba, wallahi ba raini ba ne. Isiya ya san ina ganin girman aikinsa. Amma katakon nan tun da aka yi shi hannu ɗaya ya sani."

"Wannan hannun ya gama nasa. Idona na nan, kunnena na nan, kuma ba inda za ni. Matso da kujerata kusa da taga."

Muka matsar da shi inda haske ke faɗowa. Na cire tsofaffin wayoyin gaba ɗaya. Ban jefar da su ba, don da su na auna sababbi. Da na kwance jak na farko na tsaya ina kallo. Waje ya yi tsatsa, amma liƙin Malam na ciki yana nan yana ƙyalli kamar jiya aka yi shi. Damina ta ci ƙarfe, ɓera ya ci roba, liƙin ko gezau. Na nuna wa Ɗanladi, ya karɓa ya jujjuya, ya sa a aljihun gaba.

Ayan na gawayi ba ya jira. Da ka zare shi daga wuta yake fara hucewa, liƙi ɗaya ko biyu za ka samu kafin ka mayar. Ɗanladi ya karɓi mafici ya tsuguna yana fifita garwashi, mutumin da ke tsayawa gaban manyan gari da kwat. Ni ina ferewa, ina murɗa saƙa, ina shafa wa kowane kai dalma tukuna kafin in haɗa. Malam ya sunkuyo har ina jin numfashinsa. Ba ya cewa komai sai kalma ɗaya: "Ɗaga." Wani lokaci kafin ya faɗa na riga na ɗaga, sai in ji ya yi ɗan gyaran murya na jin daɗi. Sau ɗaya ya ce in sake, wai dalma ta yi yawa, za ta taɓa murfi. Na narkar na sake. Fedar nan mai kukan jariri ita ta fi ba mu wuya, don ruwan batir ya cinye wata siririyar hanya a cikinta. Malam ya rufe ido ya ce in duba kusa da ƙafa ta biyu daga hagu, ya tuna tun ranar da ya fara buɗe ta. Nan ɗin ne. Na ɗinke wurin da zare ɗaya na jan ƙarfe.

Muka yi azahar, muka ci ɗanwaken da Inna Hauwa ta aiko, muka koma. Gab da la'asar na matse jak na ƙarshe da filaya, na bi kowace waya da mita, ina lanƙwasa ta ina kallon allura. Maƙwabci mai injin niƙa ya ja mana wuta daga janaretansa. Ɗanladi ya soka jita, ya soka katako a tsohuwar amfilifayar gwaji ta shagon, ya taka fedojin duka suka kama, ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya dafe igiyoyin jita da tafinsa.

Malam ya karkata kunne yana jira, bai ji ko ɗan ƙugi ba. Can ya ce, "To, ku kunna mana."

"A kunne take, Baba," in ji Ɗanladi. "Har ƙarshe."

Malam ya miƙa hagunsa ya taɓa jikin amfilifayar ya ji ɗumi. Ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce, "Madalla." A shekarun da na yi da shi, wannan ne yabo mafi tsawo da ya taɓa yi wa aikina.

Ban je bikin ba, ba a gayyaci masu liƙi. Ranar Lahadi da hantsi na koma Unguwar Kanawa in ji labari, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar shago. Mai ganga ne ke tuƙi, Ɗanladi na baya rungume da jita, katakon a cinyarsa. Tun kafin ya sauko yake magana, shi da ba ya ɗaga murya. Uban amarya ya taso da kansa ya yi rawa. Mutum biyu sun karɓi lambar Ɗanladi, ɗaya na da biki wata mai zuwa. Mai fiyano ya ce zai dawo bayan girbi. Maganar gadi kuwa, Ɗanladi ya ce a ba wani.

Malam na zaune a kujerarsa yana saurare. Shi mutum ne da bai taɓa zuwa wurin kiɗa ba. Duk zaman da suka yi da Ɗanladi, abin da ya sani na jita shi ne ƙaran gwaji: a ja igiya ɗaya, a taka feda, a ce ya yi ko bai yi ba. Ran nan sai ya ce, "Ɗanladi, me ka kaɗa musu da har dattijo ya tashi?"

"Wani tsohon kiɗa ne, Baba, na zamaninsu."

"Kaɗa mini. Ba gwaji ba. Yadda ka yi musu."

An kawo wuta da safen. Ɗanladi ya ajiye katakon a ƙasa, ya cire takalmi, ya fara a hankali. Mai ganga ya jawo wani fankon akwatin rediyo yana bugawa da yatsu. Da ya taka mai amsa kuwwa, sai ɗan shagon nan ya zama kamar babban zaure. Mai injin niƙa ya kashe injinsa. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka tsaya da bokitai a ka. Inna Hauwa ta leƙo ta ƙofar cikin gida, ta ja mayafi ta tsaya. Malam ya ɗora hannunsa mai rawa a gwiwa, ya danne shi da ɗayan, idonsa na kan ƙafar Ɗanladi tana tafiya daga feda zuwa feda.

Da aka gama, Malam ya numfasa, ya juyo wajena.

"Isiyaku," ya ce, "ashe abin da muke ta liƙa wa waya ke nan."